Ta ci mini bashi, ga shi coci ɗaya muke zuwa

Tambaya: Baba Fasto, ni 'yar kasuwa ce a Kejetia da ke Kumasi a Gana, ina zaune a unguwar Aboabo. Gab da Kirsimeti wata 'yar'uwa a ƙungiyarmu ta mata ta ranci sidi 2,000 a hannuna don ta saro atamfa. Yau wata takwas, ko sisi. Da na gaji na faɗa wa matan ƙungiya, maganar ta koma kunnenta, yanzu ko gaisuwa ba ma yi. Na daina cin Jibin Ubangiji saboda zuciyata ba ta da daɗi. Wasu na cewa in har na gafarta, to in manta da kuɗin. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri. Sidi 2,000 a hannun 'yar kasuwa jari ne, kina da hakkin jin zafi. Amma bari in fara da wurin da ba za ki so ba: kin tsallake matakin farko.

A Matiyu 18:15 Yesu ya ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka same shi, ku biyu kaɗai. Ke kuwa kin kai ƙara gaban mata kafin ki zauna da ita. Magana zarar bunu ce. Da kuɗi ne kawai tsakaninku, yanzu an ƙara da kunya, kuma na sha gani, mai bashin da aka tona wa asiri ya fi wuyar biya, domin yana ganin ai ya riga ya biya da mutuncinsa.

Saboda haka ki je wurinta. Ba a kasuwa ba, inda maƙwabtan rumfa ke kasa kunne, ba kuma ta saƙon murya a WhatsApp ba, wanda kafin dare ya zaga rabin Zongo. Ki je gidanta da yamma, ki gaishe ta, ki tambayi yara. Sa'an nan ki fara da naki laifin: "Na yi maganarki a bayan idonki, ki yafe mini." Na san da ɗaci, ke aka cuta kuma ke ce mai fara ba da haƙuri. Bayan haka ki tambaye ta abin da ya faru da kayan, ki yi shiru ki saurara. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wataƙila kasuwa ce ta juya mata baya ko ciwo ya cinye jarin, kunya ta sa take kauce miki.

Masu cewa ki manta da kuɗin sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Gafara ita ce ki sauke ƙullin da ke ranki, ki daina neman ramuwa, wannan kam wajibi ne. Yafe bashi kuwa kyauta ce, in kina da hali ki yi, in ba ki da shi babu zunubi. Ki duba wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon: ya roƙe shi ya karɓi bawansa Onisimus a matsayin ɗan'uwa, amma a aya 18 da 19 ya ce in akwai bashi a ɗora a kansa, shi Bulus zai biya. Bai ce a share ba. Zakka mai karɓar haraji ma da ya tuba, a Luka 19:8, alkawari ya yi zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta.

Ku yanka abin da za ta iya. Sidi 100 duk mako ta Momo, wato tura kuɗi ta waya, kamar zubin adashe, cikin mako 20 an gama. Ku rubuta a takarda, kowa ta riƙe tata.

In ta ƙi sauraro, Matiyu 18:16 ta ce ki koma da mutum ɗaya ko biyu. Kada ki ɗauki aminiyarki da za ta taya ki faɗa, ki nemi dattijuwar da ita ma take jin nauyinta. In nan ma ya gagara, sai dattawan ikilisiya. Zancen 'yan sanda ki ajiye shi tukuna, Bulus ya tsawata wa Korintiyawa a kan kai juna ƙara gaban hukuma, a sura 6 ta wasiƙarsa ta fari. Ko gwamnatin Gana ma tana da dokar sulhu tun 2010, kotuna kan tura irin wannan shari'a wurin masu sasantawa.

Game da Jibi, kin yi daidai da kika ji nauyin abin, Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka ka fara shiryawa da ɗan'uwanka. Sai dai cewa ya yi ka je ka dawo, bai ce ka zauna a gida wata da watanni ba. Romawa 12:18 kuma, da ta ce a zauna lafiya da kowa iyakar iyawa, ta ɗora miki naki ɓangaren ne kawai. In kin je da zuciya ɗaya ta rufe miki ƙofa, ki dawo teburin Ubangiji ranar Lahadi, ki kuma gaishe ta a bakin coci ko da ba ta amsa ba.