Takardar gwajin aure ta ce "reactive": murna za mu yi ko tashin hankali?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya je gwajin aure, takarda ta fito da "HBsAg: reactive", ƙanjamau kuma "non-reactive", jininsa "O positive". Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce reactive na nufin jininsa yana aiki da kyau, positive kuwa ai alheri ne. An riga an sa rana, amma ni hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata 'yar uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kina da gaskiya da hankalinki ya ƙi kwanciya, 'yar uwa. Mai kemis ɗin nan Turancin firamare ya karanto muku.

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, kusan kowane mako sai an kawo mini irin wannan takarda, kuma kuskuren ɗaya ne. A makaranta an koya mana positive abu mai kyau ne, negative mara kyau, shi ke nan muka riƙe. A ɗakin gwaji kuwa babu ruwan kalmomin nan da kyau ko muni. Positive na nufin abin da aka nema an same shi. Negative, ba a same shi ba. In ciki aka nema ga matar da ke son haihuwa, positive abin murna ne. In ƙwayar cuta aka nema, labari ya sha bamban. Kafin ki yi guɗa, fara tambaya: me aka nema?

Reactive ƙanin positive ne. HBsAg alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce da ake nema a jini. Jinin ya amsa wa sinadarin gwaji, wato akwai wannan alamar a jikin ƙanenki. Non-reactive ɗin ƙanjamau shi ne abin hamdala. "O positive" kuma ba cuta ba ce, ba kuma yabo ba ne, rukunin jini ne kawai.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda mutumin da aikinsa miƙo farasitamol ya zama mai fassara takardar asibiti. Na ga wanda ya naɗe irin wannan takarda a aljihu shekara biyu yana jin lafiyarsa lau, don wani ya ce masa reactive ƙarfin jini ne. Ciwon hanta bai cika yin hayaniya ba, a hankali yake ci. Ga kuma masu lasifika a kasuwa da jarkar tsimi, suna rantsuwar mayar da positive negative cikin kwana 7. Su kansu ma'aikatan ɗakin gwaji da nasu laifin: a miƙo wa mutum takarda ta taga, ko kalma ɗaya ta Hausa babu.

Idan likita ya rubuta chronic nan gaba, kada ki firgita. Ba tsanani yake nufi ba, daɗewa yake nufi, a wannan cuta fiye da wata 6.

Ƙanenki ya koma asibiti gobe da takardar a hannu, a sake gwaji don tabbatarwa. A gwada amaryar ita ma, in ba ta da shi akwai allurar riga-kafi sau 3. Kada a ɓoye wa iyayenta, amana ce. Maganar ɗage rana kuwa ku bari sai kun ji ta bakin likita.