Tambaya da Amsa: Wai Akwai Dawar da Tsutsa Ba Ta Ci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Kurna ne amma gonata tana wajen Gezawa, bana tsutsa ta yi min ta'adi sosai, dawa tana tasowa kyau-kyau sai kawai ka ga tsakiyarta ta bushe, na yi feshi har na gaji. Na ji wai akwai irin da ƙwari ba sa taɓawa, gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya mayar maka da alheri. Toh gaskiya babu irin da za a ce ƙwaro ba ya taɓa shi sam, duk wanda ya ce maka haka so yake ya sayar maka kawai. Abin da ake da shi iri ne mai juriya, wato ƙwaron zai zo amma ɓarnar ba ta kai ta sauran ba.

Masu bincike irin na cibiyar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, masu fitar da ingantaccen irin dawa mai suna SAMSORG, da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, da ke da ofis a nan Kano, yadda suke yi shi ne su shuka iri kala-kala su sakar musu ƙwarin da gangan, wanda ya jure su aura shi da mai yawan tsaba, su yi ta zaɓe damina bayan damina, shekaru ake ɗauka wallahi. Har kamannin zangarniya suke dubawa, don mai dunƙulewa ƙwari na samun maɓoya a ciki, mai warwatsewa irin ta Farafara kuwa iska da rana na shiga.

Amma taka matsalar, da alama tsutsar kara ce, kuma ita dawa ba ta cika jure mata sosai ba ko da irin ya inganta. A cikin busasshen kara take kwanciya duk rani, wannan karan da muke jinginewa a gona ko mu yi danga da shi, ruwa na sauka ta zama malam-buɗe-littafi ta koma gona ta yi ƙwai. Tsaga kara ɗaya da wuƙa ka gani da idonka, za ka tarar da ita kwance a rami. Don haka ka babbaka karan sama-sama bayan girbi ko ka ba dabbobi ya ƙare kafin damina, kuma ka ja maƙwabtan gona su yi, don kai kaɗai ba zai isa ba.

Irin kuma kar ka saya a mudu a kasuwa, nemi malamin gona na KNARDA, wato hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, ya duba wanda ya dace da ƙasar Gezawa.