Amsa ga Hajiya kan gidan jinyar tsofaffin da ake son kai Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, barkanmu da dare. Hajiya, na saurari saƙonki tun da rana, amma ina bakin aiki, shi ya sa sai yanzu nake amsawa. Sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ga waɗanda ba su ji saƙon ba, Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, asibiti sun ce sun gama nasu, kuma tunda ba ya iya tashi ko juyawa da kansa, sun ba da shawarar a kai shi gidan jinyar tsofaffi da ke kusa da unguwarsu. Hajiya tana tambaya ne ta yaya za ta gane ko gidan yana kula da mutane yadda ya kamata. Shekaruna da dama ina aiki a gidajen jinyar tsofaffi a nan Ingila, don haka zan faɗi abin da na sani.

Na ji nauyin da ke cikin muryarki lokacin da kika ce kina jin kunyar a ji labari a gida. Mu da muka tashi muna jin sunan gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano, mun ɗauka duk wanda aka kai irin wannan wuri ba shi da kowa ne. Wannan wani abu ne daban. Mutumin da ke buƙatar a juya shi dare da rana, kuma sai mutum biyu da na'urar ɗagawa kafin a tashe shi daga gado, mace ɗaya mai aiki da yara ba za ta iya riƙe shi ita kaɗai ba, komai son da take yi masa.

Ki fara tabbatar da irin gidan, domin iri biyu ne. Akwai wanda ake taimaka wa tsoho da wanka da abinci da sa tufafi kawai, akwai kuma wanda dole ne a samu nas mai rajista a cikinsa awa 24. Baba na biyun yake buƙata. Sannan ki shiga shafin hukumar CQC, wadda tun 2009 take sa ido kan waɗannan gidaje a Ingila, ki rubuta sunan gidan. Maki huɗu suke bayarwa: tauraro ga wanda ya yi fice, kore ga mai kyau, ruwan ɗorawa ga wanda aka ce sai ya gyara, ja kuma ga wanda ya gaza. Doka ta tilasta wa gidan ya liƙa makinsa inda kowa zai gani. Amma don Allah ki duba ranar da aka yi binciken, domin wasu makin sun yi shekaru, an sauya manaja, ma'aikatan da aka yaba sun tafi, takardar kuwa tana nan a bango. A 2024 binciken da Dakta Penny Dash ta yi ya gano manyan matsaloli a aikin ita kanta hukumar, har ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya ce ba ta iya sauke nauyin da aka ɗora mata.

Akwai labarin da ba na mantawa idan ana maganar maki da kyan gini. Gidan Orchid View a yankin West Sussex sabon gini ne da aka buɗe a 2009, mallakar kamfanin Southern Cross, kuma an ba shi makin mai kyau a 2010. A 2011 aka rufe shi. A 2013 mai binciken musabbabin mutuwa ta duba rasuwar mutum 19 a gidan, ta yanke cewa sakaci ya taimaka wajen mutuwar biyar daga cikinsu. Abin da ya tona asirin shi ne wata ma'aikaciyar ofis da aka umarta ta lalata takardun magani bayan an ba wata tsohuwa maganin tsinka jini fiye da kima, sai ta kai ƙara. Duk wanda ya shiga gidan a lokacin zai ga dardumai masu tsabta da furanni.

Shi ya sa nake cewa ki karanta ingancin gidan a jikin tsofaffin da ke ciki, kuma abu mafi faɗin gaskiya a jikin shi ne fata. Mutumin da ke kwance ba ya motsi, nauyin jikinsa yana danne jini a tsatso da ƙugu da diddige, kuma cikin 'yan awoyi naman wurin yana iya fara mutuwa. Wannan shi ne gyambon kwanciya, kuma matakinsa huɗu ne, na huɗun yana kaiwa har ƙashi. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ita ce a sauya wa mai haɗari sosai kwanciya aƙalla duk awa huɗu, gidaje da yawa kuma suna yi duk awa biyu ga irin su Baba, tare da katifa mai iska. Gyambo mai zurfi ba ya fitowa a gidan da ake juya mutane a kan lokaci sai da ƙyar, don haka ki tambayi manaja kai tsaye: mutum nawa ne gyambo ya fito musu a cikin gidan nan a shekarar da ta wuce, ban da waɗanda suka zo da shi daga asibiti? Manaja na ƙwarai yana da adadin a kansa ko a kwamfutarsa. Wanda ya hau kame-kame ya riga ya ba ki amsa.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. An koya wa yawancin ma'aikata cewa alamar farko ita ce fata ta yi ja, kuma idan an danna jan ba ya ɓacewa. A baƙar fata ba a ganin wannan ja. Wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi kamar shunayya, ya yi zafi ko tauri ko kumburi fiye da gefensa, sai an sa hannu an taɓa, kuma da haske mai kyau. Na sha ganin an rubuta cewa fatar tsoho baƙi lafiya lau, alhali ciwon ya riga ya kama a ƙasa. Ki tambayi nas ɗin gidan yadda suke duba baƙar fata, ki saurari amsarta da kyau, ke ma kuma ki riƙa duba diddigen Baba duk zuwan da kika yi.

Bayan fata sai abinci da ruwa. Shanyewar ɓarin jiki kan taɓa haɗiya, abinci ya bi ta hanyar numfashi ya haifar da ciwon huhu, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka fi mayar da irin waɗannan majinyata asibiti. Idan masu duba haɗiya a asibiti sun ce a kaurara masa ruwa ko a dama abincinsa, dole kowa a gidan ya sani, har mai kawo shayi. Ana auna nauyin kowa duk wata, kuma idan mutum ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin wata uku zuwa shida, babbar alama ce ta haɗari. Ki je gidan da lokacin abincin rana ki tsaya ki kalla. Za ki ga ko ma'aikaciya tana zama ta ba tsoho a baki da haƙuri, ko kuwa ana ajiye faranti a gaban wanda hannunsa ba ya aiki, a dawo a ɗauke shi yadda aka kawo. Ki lura kuma ko kofin ruwa yana inda hannu zai kai, domin ƙarancin ruwa yana kawo ciwon mafitsara da ruɗewa, ruɗewar ta kawo faɗuwa, faɗuwar ta kawo karayar ƙugu.

Duk waɗannan abubuwa suna komawa ga yawan ma'aikata da daɗewarsu. Dokar Ingila ba ta yanke adadi ba, cewa kawai ta yi a samu isassu, kuma kowane gida yana fassara isassu yadda aljihunsa ya ga dama. Gidan da na fara aiki, wanda ba zan ambaci sunansa ba, mu biyu muke kwana a bene guda, kuma idan muna ɗakin mutum ɗaya muna canza masa shimfiɗa, ƙararrawa uku na iya kaɗawa babu mai zuwa. Na ga ana cike takardar da ake rubuta lokacin da aka juya kowane tsoho da asuba a zama ɗaya, da biro ɗaya, kamar an yi aikin a kan lokaci. Ban daɗe a can ba. Inda nake yanzu ginin ya fi tsufa, amma akwai waɗanda suka shekara goma a wurin, kuma sukan gane tsohuwa ba ta da lafiya tun daga yadda ta ture shayinta, kafin ma'aunin zafi ya nuna komai. Ki tambayi mutum nawa ne ke kwana a benen da za a sa Baba, sau nawa suke ɗauko ma'aikatan haya daga waje, da kuma shekarun manaja a gidan. Matsalar ƙarancin ma'aikata ba ƙarama ba ce yanzu, domin hanyar bizar da yawancinmu ma'aikatan jinya muka shigo da ita daga Fabrairun 2022 an rufe ta ga sababbin masu zuwa a Yulin 2025.

Ki yi musu maganar addini da harshe tun kafin a sa hannu, a rubuta a cikin tsarin kulawarsa: naman halal, namiji ya yi masa wanka da tsarki gwargwadon iko, a taimaka masa da alwala ko taimama, a san alƙibla a ɗakin. Kin ce tun da ciwon ya same shi Hausa ta fi zo masa a baki fiye da Turanci. Hakan na faruwa, kuma haɗarinsa shi ne ya ce yana jin ciwo ba a gane ba. Ki rubuta musu kalmomi kaɗan a liƙa kusa da gado, kamar ruwa, ciwo, fitsari, sanyi.

Maganar kuɗi a taƙaice: idan dukiyarsa ta haura fam 23,250, ƙaramar hukuma ba za ta biya masa ba, amma kafin nan ki nemi a auna shi don tallafin da NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ke ba masu doguwar jinya, domin idan aka ga babbar buƙatarsa ta lafiya ce, su za su ɗauki nauyin duka.

Idan an kai shi, ki riƙa zuwa a lokuta mabambanta ba tare da sanarwa ba, wata rana da sassafe, wata rana Lahadi da yamma. Tun Afrilun 2024 doka ta wajabta wa gidajen su bar iyali su riƙa ziyara. Duk abin da bai kwanta miki ba ki rubuta wa manaja da kwanan wata, idan kuma ya shafi sakaci ko cutarwa, ki kira sashen kare manya na ƙaramar hukumarku, su ne ke da hurumin bincike. Ki turo mini sunan gidan ta saƙon sirri in karanta rahotonsa daren nan. Ranar Alhamis ba ni da aiki, idan kin shirya sai mu je tare da misalin sha biyu da rabi, lokacin da suke cin abinci. A gaida Baba da jiki. Wassalamu alaikum.