Ƙwaryar ƙarfe uku sun dawo, yaro kuma yana neman ƙarin jari

Wani mai shagon kayan sauti a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, ya aiko da tambaya. Ɗan yayarsa, mai gyaran jikin mota, ya koyi ƙera hanfan ta bidiyon YouTube, wato ƙwaryar ƙarfen nan ta kiɗa da ake bugawa da yatsu. Mai shagon ya ba shi naira miliyan 2 da dubu 400, aka sayo ƙoƙunan ƙarfe daga waje, aka haɗa guda 6, aka sayar da 4 a Abuja da Legas, kowace dubu 450. Wata biyu bai cika ba 3 suka dawo, masu su na cewa murya ta karkace. Yaron ya ce zafi ne da jijjigar mota, yana so a ƙara masa miliyan 3, tunda a Turai ana sayar da guda ɗaya dala 2,000. Shin ya ƙara?

Alhaji, kada ka ƙara ko kwabo yanzu. A duk wasiƙarka ka faɗi kuɗin ƙarfe da kuɗin mota, amma babu inda ka ce ga abin da na'urar awon sauti ta nuna ranar da ƙwaryar ta bar shagonka. Kunnen ɗanka ka amince wa, ka sa sunan shagonka a kai, ka ɗora wa direba. Kuskurenka ke nan, kuma shi ya sa yau ba ka iya cewa laifin rana ne, ko na hanya, ko na guduma.

Wannan kayan kiɗa ba tsoho ba ne. Felix Rohner da Sabina Schärer na kamfanin PANArt suka fito da na farko a birnin Bern na Suwizalan a shekarar 2000, sun ɗauko dabarar daga gangar ƙarfe ta Tirinidad. Ƙoƙo biyu ne na ƙarfe mai kaurin kusan milimita 1, faɗin kamar santimita 53, a kife ɗaya kan ɗaya a manne da gam. Na ƙasa yana da rami, na sama yana da babbar murya a tsakiya da wasu 7 ko 8 kewaye da ita. Abin da masu kallon bidiyo ba sa lura da shi, kowane gurbin murya sauti uku ne a ciki: uwar muryar, da wadda ta ninka ta biyu a tsawon gurbin, da wadda ta ninka ta uku a faɗinsa. In uwar tana kaɗawa sau 147 a daƙiƙa, dole ta biyu ta zauna kusa da 294, ta uku kusa da 440. Da guduma ake saita muryoyin, kuma bugu ɗaya yana motsa duka ukun. Ƙwarya mai murya 9 tana da lamba 27 ke nan da za a zaunar, kuma ba kunnen da zai riƙe lamba 27 a ka daga yau zuwa mako biyu.

Yanzu ga dalilin karkacewar. Ƙarfen da aka sha bugu yana riƙe da tauri da matsi a jikinsa. Ranar da aka gama saiti muryar tana fita tsaf, amma matsin nan yana saki a hankali da bugun hannu da zafi da kwanaki, yana jan muryar tare da shi. Shi ya sa masu wannan sana'a ba sa tsayawa a saitin farko. Sukan sa ƙoƙon a tanderu mai ma'aunin zafi, wajen digiri 350 zuwa 400, awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon irin ƙarfen, ya huce da kansa, a sake awo. Za a tarar muryoyi sun gusa. A gyara da bugu mai sauƙi, sau da yawa a sake gasawa. Sai a manne ƙoƙunan, gam ya yi kwanaki yana kamawa, a sake saiti, domin haɗewar baki da iskar da ke ciki suna canja sautin. Daga nan a buga kowace murya da ƙarfi fiye da yadda mai saye zai buga, a ajiye ta mako biyu ko uku, a sake aunawa. Wadda ta tsaya ita ce ta kasuwa.

Tambayi ɗanka da me ya gasa. In ya ce da wutar gas ta walda ko gawayi, to wani gefe ya sha wuta wani bai sha ba, kuma matsin bai fita daidai ba. In ya ce bai gasa ba sam, ka sami amsarka. Tambaye shi kuma kwana nawa tsakanin bugun ƙarshe da ɗora wa mota. Ina kyautata zaton kuɗin mai saye ne ya sa ranar fitar, sauri kuwa shi ke haifar da nawa.

Maganar zafi tana da ɗan gaskiya, kada a zalunce shi. Ƙwaryar da ta sha ranar Afrilu ta Katsina muryarta takan sauka, musamman ta ƙarfe marar tsatsa, amma in ta huce a inuwa sai ta koma. Karkacewar da ta zauna daram har wata guda ba ta rana ba ce. Hanya kuma tana iya ɓata murya in wani abu ya daki gurbin, sai dai wannan yakan taɓa murya ɗaya ko biyu, ya bar alama. In 5 ko 6 suka gusa tare ba tabo, aikin ne bai nuna ba. Da kana da takarda, minti goma ya isa ka raba wannan gardama.

Takardar ba wani abu ne mai tsada ba. Kowace ƙwarya a ba ta lamba da shafinta. A rubuta irin ƙarfen da inda aka saye shi, zafin tanderu da tsawon lokaci, sannan lambobin nan 27 a kowane mataki: bayan saitin farko, bayan gashi, bayan gam, bayan hutun makonni, da ranar fita. Akwai manhajar kwamfuta mai suna Linotune da masu saiti ke amfani da ita don ganin sautuka ukun lokaci guda. Ma'aunin shi ne sent, kashi ɗaya cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin maɓalli biyu maƙwabta a fiyano. Gusawar sent 2 ko 3 ba komai. Ta haura 10, makaɗi zai ji, kuma muryar za ta riƙa rawa. A riƙa awon a ɗaki ɗaya da sassafe, ƙarfe a sanyaye, a rubuta zafin ɗakin, in ba haka ba lambar jiya da ta yau ba za su gwamu ba. Ranar fita a ɗauki bidiyo ana buga kowace murya a gaban na'ura, a tura wa mai saye kafin mota ta tashi. Kai za ka riƙe littafin, ba mai gudumar ba.

Batun dala 2,000 kuwa ka cire shi daga lissafi. Masu karɓar wannan kuɗi sun shekara da shekaru suna ɓata ƙarfe kafin a san sunansu, ƙasan kasuwar kuma cike take da na masana'antun Sin masu 'yan ɗaruruwan daloli. Lissafinka na gaskiya shi ne miliyan 2 da dubu 400 sun haifar da ƙwarya ɗaya da ta zauna a hannun mai ita.

Ka mayar wa mutum ukun nan kuɗinsu ba jan rai, domin makaɗan wannan abu kaɗan ne kuma suna magana da juna. Ukun da suka dawo da biyun da ke shago su ne makarantar yaron, ba sai an sayi sabon ƙarfe ba. Waɗanda aka riga aka manne ba za su koma tanderu da gam a jiki ba, sai dai a saita su ta ramin ƙasa ko a raba su a fara daga gashi. In za ka kashe wani abu, kashe shi a tanderu mai ma'auni da akwati mai tauri na tafiya. Ku zauna gaban shaidu biyu ku rubuta cewa ladansa yana kan ƙwaryar da ta ci jarrabawar mako uku, ba kan wadda ta fita ba. In 3 cikin 5 suka tsaya cikin sent 5 har wata biyu, sayo ƙoƙuna na guda biyu kacal. Ka kuma gaya wa yayarka wannan sharaɗi da bakinka tun yau, kafin ta ji shi daga wajensa.