Me Ya Sa Tsohon Saƙo Ke Dawowa a Layin Saƙonni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar kimiyyar kwamfuta ce a Jami'ar Ahmadu Bello. Na rubuta manhajoji biyu da yaren C a kan Linux, ɗaya tana aika saƙo, ɗaya tana karɓa ta layin saƙonni (message queue, wato wurin da saƙonni ke jeruwa har a ɗauke su). Gwajin farko lafiya lau. A na biyu sai mai karɓa ta fito da saƙon ɗazu, can kuma mai aikawa ta tsaya cak. Amma in aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu, na sake kunnawa, sai komai ya daidaita. Ina gizo ke saƙar? Ɗalibarku daga Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibarmu. Ɗauke wutar nan ita ta tona asirin. Layin ba mallakar manhajarki ba ne, na kanel ne, wato zuciyar Linux. Da kika kira msgget, umarnin buɗe layi, da IPC_CREAT, kanel ya ware masa wuri, kuma yana nan daram ko manhajojin sun rufe, har sai an goge shi ko na'ura ta mutu. Kira na biyu da mabuɗi guda, wato lambar da manhajoji ke nemo layin da ita, ba ya haifar da sabon layi. Tsohon za a miƙo miki, da duk abin da ya kwana a ciki.

Ki buga ipcs -q ki gani da idonki: lambar layin, bayit nawa ya ci, saƙo nawa ke jira. Ki share shi da ipcrm -q tare da wannan lambar. Maganin dindindin shi ne mai karɓa ta kira msgctl da IPC_RMID kafin ta fita. In kika haɗa IPC_EXCL da IPC_CREAT, msgget zai ƙi, ya ba da kuskuren EEXIST muddin tsohon layi na nan.

Tsayawar kuwa cika ce. A tsarin asali na Linux, layi ɗaya bayit 16,384 yake ɗauka, saƙo ɗaya ba ya wuce 8,192. In ya cika, msgsnd, umarnin aika saƙo, sai ya zauna jiran wuri. Ki sa IPC_NOWAIT ya dawo nan take da EAGAIN.

Amma me ya tara saƙonnin tun farko? A nan nake so ki fi dubawa, domin nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Kowane saƙo yana farawa da mtype, lamba ce irin long, kuma dole ta fi sifili. In mai aikawa ta tura iri na 1 da na 2, mai karɓa kuma na 1 kawai take nema, na 2 zai yi ta taruwa ba mai ɗauka. Ki ba msgrcv, umarnin karɓar saƙo, sifili a matsayin iri, sai ya kwashi na gaba ko wane iri ne. Girman da kike faɗa wa msgsnd kuma na jikin saƙon ne kaɗai, ban da mtype.

In da ftok kike samar da mabuɗi, ki kiyayi goge fayil ɗin da kika ba shi. Daga lambar inode, wato lambar da Linux ke gane fayil da ita, yake haɗa mabuɗi. In aka sake ƙirƙirar fayil ɗin tsakanin tashin manhajojin biyu, mabuɗi na iya sauyawa, kowacce ta tsaya a layinta tana jiran 'yar'uwarta.