Modem ɗin siriyal ya yi shiru bayan sabunta kanel

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce modem ɗinka mai sim, wanda ke jone da kwamfuta ta kebul ɗin siriyal yana tura wa iyayen ɗalibai tes ta manhajar Gammu, ya daina amsawa tun da ka sabunta kanel ɗin Ubuntu, wato zuciyar tsarin da ke magana da na'urori, har kana shirin sayen sabo. Dakata tukuna, kada ka taɓa aljihunka. Na daɗe ina kula da irin waɗannan na'urori, kuma da wuya ka ga sabuntawa ta kashe modem. Galibi yana nan lafiya lau, kwamfutar ce ke ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba.

Fara raba gardama. Ubuntu ba ya goge tsohon kanel nan take. Kashe ka kunna, ka danne Shift ko ka latsa Esc har GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ya tashi, ya bayyana, ka shiga Advanced options ka zaɓi kanel na baya, sannan ka tabbatar da uname -r. In modem ya tashi a can, to na'urar da kebul ɗinta sun fita daga zargi.

Kana cikin tsohon, buga sudo dmesg | grep tty ka ajiye abin da ya fito, ka maimaita a sabon, ka jera su gefe da gefe. Nan ne akasari asiri ke tonuwa. Kafar da ke jikin allon kwamfuta, wato COM1, ita ce ttyS0, adireshinta 0x3f8, IRQ 4, kuma za ka ga an rubuta 16550A a gabanta. COM2 kuwa ttyS1 ce, 0x2f8, IRQ 3. Waɗannan ba su cika motsi ba. Masu yawo su ne kafofin katin PCI da aka ƙara, waɗanda kan fara daga ttyS4 zuwa sama. Na sha ganin lambarsu ta sauya bayan sabuntawa, alhali fayil ɗin saitin Gammu, wato gammu-smsdrc, yana nan yana kiran tsohuwar lamba. Gyaran layi ɗaya ne. Buga setserial -g /dev/ttyS* ma, duk kafar da aka ce UART ɗinta, wato guntun lantarkin da ke sarrafa ta, unknown ne, suna ne kawai babu komai a bayansa. 

Ba ka faɗa mana ko da adaftar USB kake jonawa ba, kuma wannan yana da muhimmanci. In da ita ne, ttyUSB0 za ka nema. Duba lsusb ka ga irin guntun lantarkin da ke cikinta, ko Prolific ne, ko FTDI, ko CH340. Idan lsusb ya gan ta amma babu ttyUSB0, direba ne bai hau ba. Tabbatar fakitin linux-modules-extra na sabon kanel ɗin ya shiga, domin sabuntawar da ɗaukewar wuta ko yankewar data ta katse takan bar shi a hanya. Masu CH340 a Ubuntu 22.04 suna da tasu matsalar daban: brltty, manhajar na'urar karatun makafi, takan ƙwace kafar da zarar an jona. In ba mai amfani da ita a kwamfutar, cire ta. Shawarata kuma ka daina rubuta ttyUSB0 a saitinka, ka ɗauki sunan da ke cikin /dev/serial/by-id, shi ba ya canzawa.

To, a ce kafar tana nan, amma shiru. Tsayar da gammu-smsd, mai tura tes ɗin, da ModemManager, manhajar Ubuntu mai kula da modem, don shi na biyun yana da shisshigi, yakan riƙa aika wa kafa tambayoyi ya hana kowa sakat. Duba ko kana cikin rukunin dialout, wato masu izinin amfani da kafofin siriyal. Sai ka buɗe minicom, manhajar magana da modem kai tsaye, a gudun 115200, ka rubuta AT. Lafiyayyen modem OK zai ce. In tarkacen haruffa ka gani, gudun ne bai dace ba, gwada 9600. In ba ka ga komai ba, kashe Hardware Flow Control, ka sake. Da ya amsa, buga AT+CSQ: daga 0 zuwa 31 ƙarfin sabis ne, 99 kuwa yana nufin bai gano sigina ba, sai ka koma kan eriya da sim.

Sai duk wannan ya faskara, a tsohon kanel da sabo, za a zargi kayan. Zare modem, ka haɗa fil na 2 da na 3 na bakin kebul ɗin da 'yar guntuwar waya, ka yi rubutu a minicom. In haruffan suna dawowa kan allo, kafa da kebul suna aikawa suna karɓa, saura modem ko adaftar wutarsa. Ni adaftar wutar nake fara canzawa, domin raunanniya takan kunna fitila amma ta kasa ɗaukar modem lokacin da yake neman sabis.

Turo mana sakamakon dmesg na kanel biyun da na lsusb, da layin device na gammu-smsdrc, mu duba tare.