Sarƙar Tayimin Ta Fara Kuka: A Canza Yanzu Ko A Jira Bayan Azumi?

Tambayar ta zo daga wani ɗan kasuwa a Jidda mai Toyota Hiace ta fetur, wadda yake kai dabino da turare shagunan Makka da ita. Motar ta ci kilomita 320,000, tana ɗan kwaratsi idan an tayar da ita da asuba, kuma makaniki a Sina'iyya, unguwar garejoji, ya ce a canza sarƙar tayimin, mai daidaita motsin bawul da na fistin, wadda Larabawa ke kira janzir, a kan riyal 2,500.

Alhaji, kada yawan kilomita ya sa ka fitar da kuɗi. Bel, wato tayimin na roba, shi ne yake da wa'adi. Hiace mai injin dizal 2KD, misali, a kilomita 150,000 ake canza mata bel ko da lafiyarsa ƙalau. Taka mai injin 2TR sarƙar ƙarfe gare ta, cikin baƙin mai take wanka, kuma ba ta da ranar canji. Alama ake bi.

Kafin a kwance komai, a duba baƙin man, yawansa da kaurinsa. Abin da ke ɗaure sarƙar, wato tenshina, da ƙarfin mai yake aiki, don haka man da ya tsufa ko ya ragu yakan jawo irin wannan kuka. Giyar VVT, mai sauya lokacin buɗe bawul, ita ma tana yin irin wannan kuka. Sannan a sa wa motar kwamfuta. Idan lambar P0016 ta fito, kiranshaf da kamshaf, sandunan da sarƙar ke haɗawa, sun daina tafiya tare, amma a gwada sensa tukuna domin ita ma tana jawo wannan lamba. Daga nan a buɗe murfin saman inji a ga sakin sarƙar da ido.

In an tabbatar ta saki, to maganar jira ta ƙare. Sarƙar da ta tsallake haƙori tana iya sa fistin ya daki bawul, aikin riyal 2,500 ya koma gyaran kan inji gaba ɗaya. Ɗauki biro ka lissafa ribar da motar ke kawo maka a rana ɗaya cikin Ramadan, ka ninka da kwana bakwai na zaman gareji, ka ƙara kuɗin janyo ta daga hanyar Makka da hayar wata motar. Shi ya sa nake ganin Rajab ko Sha'aban ne lokacin wannan aiki, kafin masu Umara su cika gari.

Kada ka yarda a canza sarƙa ita kaɗai. A sa sabuwar tenshina, da robobin da sarƙar ke zamewa a kansu, da sil na gaban inji, a duba haƙoran giyoyi, domin tsohuwar giya tana cinye sabuwar sarƙa. Kayan tashlih, wato waɗanda aka ciro daga matattun motoci, suna da amfani wajen ƙofa da fitila, ban da nan. Ka kuma ja kunnen makaniki kan yawan silikon: abin da ya zubo ciki yana toshe rariyar famfon mai.

A rubuta maka rasit mai sunan kowane kaya da tsawon garanti, a fayyace ko harajin kashi 15 cikin 100 yana cikin kuɗin. Bayan gyara, da zafin ƙasar nan da lodin da kake yi, kada baƙin mai ya wuce kilomita 5,000 ba a juye shi tare da filta ba.